Turmin Malam Aruna

Jawabin da Dakta Ɗayyabu Dikko ya yi a taron tunawa da marigayi Malam Aruna Bawah, a ɗakin taro na jami'a, Doha. An rubuta shi daga muryar da aka ɗauka, saboda 'yan'uwan da aiki ya hana su zuwa.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Allah gafarta Malam Liman, wanda ya buɗe mana da addu'a. Shugaban tsangayar injiniya da malaman da suka rako shi. Wakilan ofisoshin jakadancin Ghana da Najeriya da Japan. Shugaban mutanen Zango, wato Hausawan Ghana, na Qatar, Alhaji Mudasiru. Hajiya Adjara, mai ɗakin marigayi, wadda ta fita takaba makon jiya, Allah ya ba da lada. 'Ya'yanmu Nusrat da Mubarik. Malam Okabe da ɗalibansa na ƙungiyar al'adun Japan. Iyaye da 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An zaɓe ni in yi magana a madadin Hausawan Doha, na Ghana da na Najeriya, saboda an ce ni ne abokin Malam Aruna na kusa. Na karɓa. Amma gara a sani tun yanzu cewa da kishi na shigo ɗakin nan, kuma wanda nake kishi da shi ga shi nan a layin gaba cikin baƙar kwat. Malam Okabe, malamin harshen Japan na wannan jami'a, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, shi ya sa aka zaunar da Nusrat kusa da shi. Nusrat, 'yata, ki fassara masa duk abin da na faɗa. Kada ki gyara mini magana, kada ki zuba mata sukari, don rabinta a kansa take.

Na ga Malam Liman ya ɗago kai. Allah gafarta Malam, ba hassada nake nufi ba, ban taɓa roƙon Allah ya karɓe wa mutumin nan komai ba. Kishi ne irin na wanda yake da aboki guda na ƙwarai, sai wani ya taso daga can ƙarshen duniya ya zo ya zauna a gefensa, kuma wurin ya yi masa daidai.

Ga abin da ya sa zancen ya zama dole. Kun ga wancan da aka lulluɓe da zane a bakin ƙofa, turmin Malam Aruna ne. Ranar Alhamis Hajiya Adjara za ta tashi zuwa Kumasi tare da Mubarik, Nusrat kuma za ta koma ɗakin kwanan ɗalibai ta ƙarasa karatunta. An raba kayan gida, an mayar wa mai gida makullinsa. Turmi kaɗai ya rage, kuma masu nemansa kashi biyu ne: mu da muke cin sakwarar Juma'a a gidansa, da ɗaliban ƙungiyar al'adun Japan. Wasu sun ce a yi karɓa-karɓa, Hajiya ta ƙi. Ta ce turmin ya tsufa, ya soma tsagewa daga gindi, ba ta son a riƙa yawo da shi a bayan mota kamar kujerun haya. Ta kira ni ta ce, "Ɗayyabu, bayan maigida kai ka fi kowa sanin turmin nan. Ka faɗa a gaban mutane wanda za a ba, abin da ka faɗa khalas, shi ke nan." Saboda haka kafin in sauka daga nan zan faɗa. Amma ku bari in fara da mai turmin.

Ya kasance mai kula da na'urorin ɗakunan gwaje-gwaje na tsangayar injiniya, kuma shugaban tsangaya ya riga ya faɗi irin aikinsa, ba sai na maimaita ba. Ni abin da na sani shi ne aikinsa na bayan an tashi, wanda ba wanda ya ɗora masa.

Ya kasance mai tarbar baƙo. Shekarar da na zo karatun digiri na uku, daga Funtua na taso da jaka ɗaya da wata ƙatuwar rigar sanyi, don wani ya ce mini ƙasar Larabawa akwai sanyin asuba. Tsakiyar zafi ne. Ina fitowa daga filin jirgin sama na Hamad iska ta buge ni kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskata. Sai ga wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa yana kallon rigata yana dariya, ya ce, "Wannan dai ɗan Najeriya ne." Bai san ni ba, ban san shi ba. Wani yaron Zango da ke aiki a can ne ya gaya masa akwai Bahaushen da zai sauka kuma ba wanda zai tarbe shi. A falonsa na unguwar Bin Mahmud na kwana har na samu ɗaki. Idan na ce duk wanda ya taɓa kwana a wannan falon ya miƙe, rabin ɗakin nan zai miƙe.

Ya kasance idan kafil, wato ubangidan aiki, ya riƙe wa yaro fasfo ko ya hana shi tafiya ganin uwarsa, Malam Aruna ba ya ɗaga murya. Yakan ɗauki butar shayinsa ya je ofishin mutumin ya zauna. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya ci gaba da zama. Gobe ya dawo. Ban taɓa ganin wanda ya jure wa zaman Malam Aruna har ƙarshe ba.

Ya kasance mai wanke mamatanmu. Wanda ya rasu a nan ba shi da kowa, shi ke bin takardun, shi ke wanka, shi ke buga wa uwar mamaci waya a Tamale ko a Gusau. Mu duka muna gudun wannan wayar, shi yakan shiga mota ya rufe gilashi ya buga.

Ya kasance kuma, a yi mini afuwa Hajiya, mutum ne mai taurin kai a kan abinci. Bai yarda garin fufu na cikin kwali abinci ne ba. A hutunsa na farko ya je Kumasi ya dawo da turmin mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, a naɗe cikin bargo, ya bar tufafinsa a can don nauyin kaya ya yi yawa. Tun daga lokacin duk Juma'a bayan la'asar muna saman benensu a Bin Mahmud. A ɗaki aka fara dakan, sai matar da ke ƙasa da su ta hau ta ce fitilar falonta na rawa, aka koma sama aka shimfiɗa tsohuwar taya. Rogo daga shagon Indiyawa 'yan Kerala, agade daga duk inda aka samu, kifi kuwa shi da kansa yake zuwa Al Wakrah da safe ya zaɓo a bakin ruwa. Hajiya na kan miyar gyaɗa. Su mutanen Ghana suna cewa fufu, mu muna cewa sakwara, ba a taɓa daidaitawa ba, ba a kuma taɓa rage loma ba. Masu gadi, masu shara a filin jirgi, direbobi, mu masu karatu, kowa da hannunsa a kwano ɗaya. Akwai yaran da duk mako ba sa jin kalmar Hausa ko ɗaya sai a saman benen nan.

Wanda bai ga dakan mutanen Ghana ba, mutum biyu ake yi. Ɗaya na tsaye da taɓarya, ɗaya na zaune a gindin turmi yana tsoma hannu a ruwa yana juya abin da ake dakawa, tsakanin ɗaga taɓarya da saukarta. Idan mai daka ya yi gaggawa, mai juyi ya yi sallama da yatsunsa. Ranar da Malam Aruna ya fara miƙo mini taɓarya na ja da baya na ce, "Malam, a garinmu namiji ba ya daka." Ya ce, "A garinku namiji yana ci? To yalla, kama." Na kama, ina addu'ar kada wani ɗan Funtua ya ɗauke ni hoto. Daga ranar na zama mai dakansa. Ni ke tsaye, shi ke zaune, shekara da shekaru, kuma ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda nake jin daɗin a kira ni Dakta.

Sai bikin Japan ya zo.

Ku da kuke wannan jami'a kun san shi. Duk shekara idan sanyi ya shigo, ƙungiyar Malam Okabe kan cika farfajiyar ɗakin karatu. Ɗalibai, Larabawa da Indiyawa da 'ya'yanmu, su saka dogayen rigunan nan masu ɗamara, a rataye fitilun takarda, a buga manyan ganguna. Nan ana naɗa takarda ta zama tsuntsu, can ana rubuta wa mutum sunansa da buroshi, gaba kaɗan ana haɗa koren shayi a durƙushe cikin natsuwa har mai jira ya soma gyangyaɗi. Gaskiya biki ne mai kyau, kuma kyansa na daga cikin abin da ke ba ni haushi. Mu ma muna da ranar al'adunmu a jami'ar nan. Tebur ɗaya ne, da zoɓo da kilishi da hula biyu, kuma idan muka ce la'asar, magariba ke samunmu muna jera kujeru.

A al'adarsu, idan sabuwar shekara ta gabato ana dakan wata shinkafa mai danƙo. A jiƙa ta, a turara ta, a daka da zafinta har ta zama curi guda mai miƙewa, suna kiranta moci. Ni dai a bakina tuwon shinkafa ne da ya ƙi yankuwa kuma aka hana shi miya. Nusrat, faɗa masa haka. Wata shekara Malam Okabe ya so ya nuna wa ɗalibai dakan. Yana da gudumarsa ta katako da ya zo da ita daga gida, amma ba shi da turmi, sai ya zuba shinkafar a babbar robar wanki. Bugu kaɗan roba ta dare, shinkafa ta bazu a ƙasa a gaban jama'a. Malam Aruna na wurin, an kira shi ne ya duba wutar tukunyar turarawa. Ya ga mutum tsaye da guduma a hannu yana ta sunkuya wa mutane yana ba da haƙuri. Ya ce masa, "Sake turara wata, ina zuwa." Ya shiga mota ya tafi Bin Mahmud ya ɗauko turminmu. Bai tambayi kowa a cikinmu ba.

Da ya dawo ya ajiye turmin, ya wanke hannu, ya zauna a gindinsa ya jawo kwanon ruwa. Ashe su ma haka suke yi, ɗaya na bugu ɗaya na juyi. Ba wanda ya koya wa wani komai. Bajapane ya ɗaga guduma, Bazango ya sa hannu, kamar tare suka taso a tsakar gida ɗaya. Da labari ya iso gare mu ranar Juma'a mun yi dariya, mun ɗauka abin na rana ɗaya ne.

Ba na rana ɗaya ba ne. Daga shekarar, idan biki ya rage wata guda, sai Malam Aruna ya rufe mana turmi. Wai kada warin rogo ya kama shinkafar mutane. A goge shi, a cika shi da ruwa, a kai shi inuwa, a lulluɓe. Mu hau sama mu tarar da Hajiya ta dafa shinkafa da wake. Alhaji Mudasiru ne ke shigowa yana cewa, "Jama'a a yi haƙuri, watan Japan ya kama." Mun yi gunaguni a gaban Malam Aruna, mun yi a bayansa. Yakan ce, "Ku kuna da shi duk shekara, su rana ɗaya suke nema."

Na ba shi babbar riga ta sallah, ɗinkin hannu daga Zariya, ya ce Doha ta yi mata zafi, tana cikin akwati har yau. Amma ranar biki sai ga shi cikin 'yar gajeriyar rigar Japanawa mai shuɗi, ya ɗaure goshi da ƙyalle, yana ihun "yoisho" tare da ɗalibai duk lokacin da guduma ta sauka. Wannan ma na haɗiye.

Ga wanda ban iya haɗiyewa ba. Duk shekarun da na yi ina daka masa, Malam Aruna bai taɓa ɗauke idonsa daga taɓaryata ba. Hannunsa na cikin turmi, idonsa na sama yana bina, bakinsa na cewa, "A hankali Dakta, yatsun nan da su nake cin abinci." Ban damu ba, na ɗauka haka ake yi. Sai ranar da na je bikin da kaina na tsaya cikin jama'a. Malam Okabe na sauke guduma da sauri, irin saurin da ni ban taɓa gwadawa ba, Malam Aruna kuwa hannunsa na shiga yana fita, amma fuskarsa na wajen mutane. Yana dariya, yana tsokanar yara, yana yi wa Hajiya alama ta matso ta ɗauki hoto. Ko sau ɗaya bai kalli gudumar ba. Na tsaya a wurin da ɗan ƙaramin faranti a hannu, raina ya ɓaci, na ajiye mocin ban ci ba na tafi gida.

Juma'ar da aka buɗe mana turmi na tambaye shi. Na ce, "Malam, ni kana tsaron taɓaryata kamar ɓarawo, shi kuwa ka sakar masa hannunka." Bai ma tsaya juyi ba. Ya ce, "Kai kana daka kana tunanin takardunka da Funtua da abin da za ka faɗa an jima. Shi idan yana daka, daka kawai yake yi." Sannan ya ce, "Yalla, mutane na jin yunwa." Gaskiya ya faɗa, kuma har yanzu da nake tsaye a nan tana yi mini ciwo.

Kun san yadda Allah ya yi ikonsa. A ƙarshen zafin da ya wuce ya faɗi a wurin aiki, zuciya ce, aka kai shi asibiti, bai daɗe ba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ya wanke mana mamata, sai ga mu tsaye a kansa muna tambayar juna yadda yake farawa. Ni da Alhaji Mudasiru muka yi masa wanka, Malam Liman na nuna mana. Muka sallace shi. A maƙabarta kowa na turereniya ya sa kafaɗa a makara, yaran filin jirgi da yawa da rigar aikinsu suka zo. Ni da Mubarik muka shiga kabari muka karɓe shi. Mubarik, ɗana, ranar ka yi abin da manya ke kasawa, Allah ya yi maka albarka.

Hajiya Adjara, mun san abin da muka ci a hannunki. Duk baƙon da ya kwana a falon nan, ke kika ba shi bargo. Duk Juma'ar da muka yi, ke kika tashi da wanke-wanke. Ba mu da abin biyanki. Ki sani duk inda kike kina da ƙanne da 'ya'ya a Doha, kuma Nusrat ba za ta nemi uba ta rasa ba.

Tun rasuwarsa ba a sake Juma'a a saman bene ba, kuma a nan ne maganar Alhaji Mudasiru ke da ƙarfi. Ya same ni ya ce, "Dakta, yaran nan ba su da inda za su. Idan turmin ya tafi, Juma'a ta tafi, kowa zai koma ɗakinsa da wayarsa. Su Japanawa rana ɗaya ce a shekara, mu rayuwarmu ce." Na ce masa haka ne. A raina kuma na riga na yanke. Na ce yau dai turmi ya dawo hannun masu shi, watan Japan ya ƙare.

Ana nan, makon jiya, Malam Okabe ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishina. Na ce to, ga shi ya zo roƙo, na gyara zama. Da Turanci muka yi magana, ga abin da ya ce gwargwadon yadda zan iya mayar da shi. Ya ce, "Dakta, na ji ɗalibaina sun nemi turmi. Ba da sanina ba ne, ka yi haƙuri. Turmin naku ne. Bana ma ba za a yi daka a biki ba." Na ce saboda ba mai juyi? Ya ce a'a. Ya ce a garinsu gidan da aka yi rasuwa ba ya bikin sabuwar shekara, sai shekara ta zagayo. Na ce ai wannan na dangi ne. Ya ce, "Eh, na dangi ne."

Jama'a, ku ji fa. Mu addininmu kwana uku ya ba mu na zaman makoki, in ban da mai takaba, kuma mun bi, mun koma aiki. Shi wannan mutum ya ɗauki shekara guda cur ya ajiye wa Malam Aruna. Na zauna ina kallonsa ina cewa a raina, har a makokin ma sai ka fi ni tsawo.

Ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ranar da kuka binne shi na je." Ni ban gan shi ba, kuma na tabbata yawancinku ba ku gan shi ba. Ya ce ya tsaya can wajen motoci a cikin rana, don bai san ko ya halatta ya matso ba, kuma bai ga wanda zai tambaya ba, kowa na kuka. Ya ce, "Na ga kuna karɓarsa daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Wanda ya ɗauka sai ya matsa wa wani. Na yi ta jira ko wani zai waiwayo ya yafito ni. Na ga ka shiga ramin ka karɓe shi da hannunka. Dakta, ban taɓa jin kishin mutum kamar yadda na ji naka a ranar ba." Ya sunkuya, ya ja mini ƙofa.

Ba wanda ya waiwaya. Ba da gangan muka yi ba, namu ne muka ɗauka, hankalinmu bai kai wajen motoci ba. Amma da Malam Aruna ne ke tsaye a cikinmu ana ɗaukar wani, da ya waiwaya, wannan kowa a ɗakin nan ya sani.

To, Hajiya, ga maganata, tunda ni kika ba wuƙa da nama.

Alhaji Mudasiru, Allah ya huci zuciyarka. Juma'a ba za ta mutu ba. Daga wannan makon a gidana za a yi, matata ta yarda, na kuma yi magana da mai gadin benenmu. Za mu fara da garin kwali, Allah ya sa Malam Aruna ya yafe mana, kafin Hajiya ta aiko mana da sabon turmi daga Kumasi. Na san ba zai zama ɗaya ba. Za mu nemi wanda zai koyi juyi, kuma duk wanda ya karɓa ina ba shi shawara ya riƙa kallon taɓaryata.

Taɓaryar kuwa tana gidana, kuma a nan za ta zauna. Malam Okabe yana da gudumarsa. Ba zan bayar da komai da komai ba, ni ma mutum ne, kuma kishina bai tafi ko'ina ba.

Nusrat, wannan ki faɗa masa a hankali. Malam Okabe, turmin naka ne. Ka ajiye shi a ofishinka har shekararka ta cika, sannan ka fito da shi ranar biki. Amma da sharaɗi ɗaya, kai za ka ɗauke shi daga nan, a kafaɗarka. Itace ne mai nauyi, ni na san nauyinsa, kuma daga ɗakin nan zuwa ofishinka akwai tafiya da matakala. Alhaji, ka riƙe samarinka. Ɗalibai, ku ma ku zauna. Kada wanda ya kama masa. Mu mun samu namu ɗaukan, yau nasa ne. Mu za mu tsaya a gefe mu kalla, mu ma mu ji yadda tsayuwar take.

Ina godiya ga hukumar jami'a da ta ba mu wannan ɗaki, da wakilan ofisoshin jakadanci, da matan da suka yi girki, da waɗanda suka roƙi canjin aiki don su zo. Ina godiya ga Hajiya Adjara da ta yarda da ni, ko da yake ta san halina.

Ya Allah, ga bawanka Aruna ɗan Bawah ya zo gare ka. Ya tarbi baƙinmu, ka tarbe shi da rahamarka. Ya wanke mamatanmu, ka wanke shi daga zunubansa. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da mahaifansa a Aljanna Firdausi. Ka ba Hajiya Adjara haƙuri, ka kai ta Kumasi lafiya, ka raya Nusrat da Mubarik a kan hanyarsa. Ka saka wa duk wanda ya so shi da alheri, na kusa da wanda ya tsaya daga nesa. Mu kuma da muka rage a ƙasar mutane, idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Allah gafarta Malam, bismillah, a rufe mana da addu'a. Idan an shafa, a buɗe ƙofar nan duka ɓangarorin biyu, don mutum da turmi a kafaɗa ba zai wuce ta ɗaya ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.